Da gaske wani marubuci ya hango tafiyar Apollo tun 1865? Kuma wane kuskure zan guje wa a labarin kumbo?

Marubuciya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa wani ƙagaggen labari da Hausa, inda mutum huɗu za su tashi zuwa duniyar wata, daga baya tafiyar ta kai su Mars. Tambayata biyu ce. Ta farko, ana yawo da wani rubutu cewa Jules Verne, marubucin nan Bafaranshe, ya faɗi komai na tafiyar Apollo, wato shirin Amurka na kai mutane duniyar wata, shekara ɗari kafin a yi ta: wurin tashi, yawan matafiya, har inda suka faɗo. Nawa ne gaskiya a ciki? Ta biyu, waɗanne kurakurai ne wanda ya san harkar zai gani ya rufe littafin ya ajiye? Don Allah a ba ni da lissafi, ba a dunƙule ba.

Malamin Fiziks

Wa alaikumus salam, Malama. Rubutun nan rabinsa gaskiya ne, ɗaya rabin kuma an tsince abin da ya dace ne aka binne wanda bai dace ba.

Ga inda ya ci. Littafin Verne na tafiya wata ya fito a 1865, ci gabansa ya biyo baya bayan 'yan shekaru. Matafiyansa uku ne, kamar na Apollo. Daga jihar Fulorida suka tashi. Gudun da ya ba harsashin da ya zuba matafiyansa a ciki kusan kilomita 11 ne a sakan ɗaya, kuma shi ne gudun da ake bukata a kufce wa jan duniya. Da suka dawo a tekun Fasifik suka faɗo, jirgin ruwan sojan Amurka ya tsince su. Sai dai mutanensa ba su taka wata ba, zagaya shi suka yi suka juyo, don haka da Apollo 8 na Disamba 1968, wanda shi ma zagayawa ya yi, ya kamata a gwada labarin, ba da Apollo 11 da ya sauka ba. Neil Armstrong, jagoran Apollo 11, da kansa ya ambaci littafin a jawabin da ya yi ta talabijin ranar 23 ga Yuli 1969, suna hanyar dawowa.

Amma ba duba mutumin ya yi ba, lissafi ya yi. Gudun nan an riga an san yadda ake fitar da shi tun kafin a haife shi. Fulorida kuwa ya zaɓe ta ne don yana son wata ya tsaya daidai tsakar ka lokacin harbi, abin da ba ya faruwa sai a wurin da bai wuce digiri 28 daga layin ikwaita da ya raba duniya arewa da kudu ba, kuma a Amurka ta lokacin Fulorida da Tekzas kaɗai ke da irin wannan wuri. Dalilin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, na harbi daga Fulorida daban ne: roka gabas take nufa, ga teku a gabas inda sassan da suka ƙone za su faɗa ba kan mutane ba, kuma juyawar duniya a wurin tana ƙara wa roka gudun kusan mita 400 a sakan kyauta.

Inda ya faɗi warwas ita ce igwa. Ya sa an haƙa igwa mai tsawon ƙafa 900, kusan mita 274, aka zuba mutane a cikin harsashi aka harba. Idan za ki kai abu gudun kilomita 11 a sakan cikin wannan ɗan tsawon, nauyin jikin mutum zai ninka fiye da sau 20,000. Mai kilo 70 zai zama kamar an ɗora masa tan 1,400. Ba gawa za a samu ba, kunu za a samu. Roka tana raba wannan turin ne a kan mintuna. Saturn V, wadda ta kai Apollo, tsayinta mita 110, nauyinta da mai kusan tan 2,900, hawa uku. Hawan farko yana da inji biyar masu shan kananzir da ruwan oksijin, tan 13 a kowane sakan, wato a nauyi kamar tankar mai guda duk sakan biyu, na tsawon minti biyu da rabi. Duk da haka 'yan sama jannatin ba su ji fiye da ninki huɗu na nauyinsu ba. Abin da ya dawo duniya daga wannan tan 2,900 bai kai tan shida ba. Ki riƙe wannan adadin da kyau, don yawancin labaran kumbo a nan suke yin ƙarya: jirgi guda ya tashi, ya sauka, ya sake tashi, babu maganar mai.

Kuskuren Verne na biyu har yau ana kwafarsa. Ya ce matafiya ba su rasa nauyi ba sai a wani gurbi tsakanin duniya da wata inda jan biyun ya yi kunnen doki. Ba haka ba ne. Da zarar an kashe inji, mutum da kumbo suna faɗuwa tare, nauyi ya tafi ke nan har a sake kunna inji ko a shigo iska. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kusan kilomita 400 ne kacal a sama, jan duniya a can kusan kashi 90 cikin 100 ne na wanda muke ji a ƙasa. Shawagin da suke yi faɗuwa ce da ba ta ƙarewa. Akwai ma inda mutanen Verne suka buɗe taga suka jefar da mushen kare suka rufe, kamar a motar haya.

Injiniya Mai Sukudireba

Malam ya gama da Verne, bari in ɗauki tambaya ta biyu. Malama, a ganina abin da ke kashe labarin kumbo shi ne marubuci ya je neman hatsari a wurin dodanni da duwatsu masu yawo, alhali abin da ya kashe mutane ko ya kusa kashe su a tarihi ƙananan abubuwa ne: bawul, waya, makunni.

Ki fara da iska. Mutum ɗaya yana shan oksijin kusan gram 840 a rana, yana fitar da kusan kilo ɗaya na kabon dayoksaid. A ɗaki rufaffe ba ƙarewar oksijin ke fara kama mutum ba, taruwar wadda yake fitarwa ce: ciwon kai, ruɗewa, sannan suma. Kuma inda babu nauyi iska mai ɗumi ba ta tashi sama, don haka idan fanka ta tsaya, numfashin mai barci taruwa yake yi a fuskarsa. Kumbo ba ya shiru, kullum fankoki na ruri. Idan kina son mai karatu ya tsorata, sa jarumarki ta farka ta ji tsit.

Apollo 13 darasi ne sukutum. An harba shi 11 ga Afrilu 1970, bayan kusan awa 56, suna nesa da duniya da kusan kilomita 320,000, tankin oksijin na biyu ya fashe. Ki duba yadda musabbabin ya jeru. Tun a 1968 tankin ya suɓuce a masana'anta ya faɗi da 'yan santimita. Makonni kafin tashi, bayan gwaji, tankin ya ƙi juyewa, sai aka kunna hitar cikinsa kusan awa takwas don oksijin ɗin ya ƙafe. Makunnin da ya kamata ya yanke wuta idan zafi ya yi yawa an yi shi ne don bolt 28, wutar da aka ba shi a ƙasa kuwa bolt 65 ce, sai ya narke ya manne. Zafin ciki ya haura digiri 500, rigar wayoyin ta ƙone. Wanda ke gadin ma'auni bai ga komai ba, don allurar ma'aunin ba ta iya nuna abin da ya wuce digiri 27. A sama, da aka ce su kunna fankar da ke motsa tankin, wayoyin tsirara suka yi tartsatsi a cikin oksijin zalla.

Abin da ya biyo baya ya fi amfani ga marubuci. Mutum uku suka koma cikin ɗan kumbon sauka da aka ƙera don mutum biyu na kwana biyu, suka zauna kusan kwana huɗu. Oksijin bai zama matsala ba, kabon dayoksaid ce ta taru. Gwangwanayen tace iska na babban kumbo masu kusurwa huɗu ne, ramin na ƙaramin kuwa zagayayye. Da leda, da kwali, da tiyon rigar sama jannati, da salatif suka haɗa su. Ruwan sha ya koma kamar kofi guda ga mutum a rana, sanyi ya sauka kusan digiri 3 saboda an kashe kusan duk na'urori, ɗayansu, Fred Haise, ya kamu da ciwon mafitsara. Sun faɗo teku 17 ga wata da ransu.

A kan sanyi, kada ki ɗauka sararin samaniya firiza ce. Inda babu iska zafi ba ya samun abin da zai ɗauke shi, kamar dai filas ɗin shayi. Kumbon da na'urorinsa ke aiki babbar damuwarsa yadda zai zubar da zafi ce, shi ya sa ake yi masa manyan faifan fitar da zafi. Laika, karyar da Tarayyar Sobiyet ta harba a Nuwamba 1957, zafi ne ya kashe ta cikin awoyi.

Idan riga ko kumbo ya huje, mutum ba ya fashewa kuma ba ya daskarewa nan take. Yana da sakan 10 zuwa 15 a hayyacinsa, sannan ya suma. Idan ya riƙe numfashi huhunsa ne zai yage, don haka jarumin da ya san aikinsa fitar da iska zai yi. Mutum ukun Soyuz 11, kumbon Sobiyet, a Yuni 1971 haka suka rasu: wani bawul ya buɗe lokacin rabuwar sassan kumbo a tsayin kilomita 168, kuma ba su sanye da riguna saboda ɗakin ya yi musu kaɗan. Kumbon ya sauka lafiya lau, aka buɗe aka tarar da su a kujerunsu. Ita ma rigar ba kayan kwalliya ba ce, balan-balan ce mai tauri. Alexei Leonov, wanda ya fara fita wajen kumbo ranar 18 ga Maris 1965, tasa ta kumbura har ya kasa komawa ta ƙofa, sai da ya sace iskar cikinta da hannunsa.

Na ƙarshe, tuƙi. A falaki idan kina bin abin da ke gabanki kika taka wuta, sama za ki hau, zagayenki ya ƙara tsawo, abin ya ƙara yi miki nisa. Kamo shi sai kin rage gudu kin sauko ƙasa kaɗan, inda zagaye ya fi gajarta. Matuƙin kumbon Amurka Gemini 4 a Yuni 1965 ya gwada bin ragowar rokarsa kai tsaye, ya ƙona mai da yawa ya haƙura.

Ɗan Ƙofar Mata

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Malama, tunda da Hausa kike rubutu, akwai abin gida da za ki iya jingina labarinki da shi. A farkon shekarun 1960 NASA tana da tashar bibiyar kumbo a Kano, ɗaya daga cikin 18 da aka jera a faɗin duniya don shirin Mercury, wanda ya fara kai Amurkawa sararin samaniya, akwai wata kuma a Zanzibar. Dalili shi ne kumbon yana ƙasa-ƙasa, rediyonsa ba ya kaiwa sai ga tashar da ke hango shi, 'yan mintuna ya wuce. John Glenn, da ya zagaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairu 1962, ya yi magana da tashar Kano.

Sannan maganar hangen marubuta, wanda ya fi Verne dacewa da kirarin shi ne Arthur C. Clarke. A 1945 ya wallafa maƙala a wata mujallar rediyo cewa idan aka ajiye tasha a tsayin kusan kilomita 36,000 saman layin ikwaita, za ta zagaya cikin awa 24, wato za ta tsaya cak a sama ga wanda ke ƙasa, kuma uku sun isa su haɗa kusan duniya duka. Shi ya sa kwanon dish ɗinki ba ya motsi. Inda ya kuskure, ya ɗauka sai an zaunar da ma'aikata a ciki suna gyara, don lokacin ba a ƙirƙiro taransista ba sai 1947. Ranar 23 ga Agusta 1963 Shugaba Kennedy ya yi waya da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a tashar Legas. Ita ce hira ta farko tsakanin shugabannin gwamnati biyu ta tauraron ɗan'adam. Kuma ba ke ce farau ba a Hausa: Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya fito a 1969, shekarar da aka taka wata.

Marubuciya

Allah ya saka da alheri, na cika shafi uku da abin da kuka rubuta. Saura biyu. Akwai babin da jarumata ke Mars mahaifiyarta na jinya a gida, ina so su yi magana. Yaya zan yi da shi? Kuma mutanena Musulmi ne, yaya salla da azumi a can?

Malamin Fiziks

Babin nan kada ki rubuta shi a matsayin hira, Malama. Saƙon rediyo gudun haske yake yi, kusan kilomita 300,000 a sakan. Zuwa wata sakan 1.3 ne, ana iya hira da ɗan jinkiri. Zuwa Mars kuwa minti 3 ne idan ta matso sosai, minti 22 idan ta yi nisa, zuwa kawai. Ta ce "Inna, ya jiki?" amsa ba za ta iso ba sai bayan minti 6 zuwa 44. Saƙon murya za su riƙa aika wa juna. Ƙari a kan haka, duk bayan kusan wata 26 rana takan shiga tsakanin duniya da Mars, a yi kamar mako biyu ba a aika wa na'urori umarni. Idan rashin lafiyar ta faɗo cikin wannan makon biyu, babinki ya rubuta kansa.

Kuma ba za ta iya cewa gobe zan taho ba. Damar tashi ita ma duk wata 26 take zuwa, tafiyar wata shida zuwa tara ce, kuma a tsarin da aka fi lissafawa sai an zauna fiye da shekara a can ana jiran duniyoyin su daidaita. Zuwa da dawowa kusan kwana 900. Mutum huɗu a kwana 900 oksijin ɗinsu ya haura tan uku, ruwan sha da na abinci a lita uku kullum ya kai lita 10,800, ba a sa wanka ba. Dole a riƙa tace fitsari da gumi ana sake sha, kamar yadda ake yi a tashar ƙasa da ƙasa, inda ake maido da fiye da kashi 90 cikin 100. Ƙashin ƙugu da na baya yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a wata, ga motsa jiki na awa biyu kullum. Wanda ya fi kowa daɗewa a tafiya guda, Valeri Polyakov, kwana 437 ya yi a tashar Mir ta Rasha daga 1994 zuwa 1995, bai kai rabin tafiyarki ba.

Salla kuwa an riga an yi zama a kanta. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya hau kumbo a 1985. Da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya zai tafi tashar ƙasa da ƙasa a Oktoba 2007, cikin Ramadan, malaman ƙasarsa suka fitar da ƙa'idoji. Tashar tana zagaya duniya cikin kusan minti 90, rana na fitowa sau 16 a yini, don haka aka ce ya bi lokacin wurin da aka harba shi, wato Baikonur a Kazakistan, salla biyar a awa 24. Alƙibla ya fuskanci Ka'aba idan zai iya, in ba haka ba duniya, in ba haka ba duk inda ya samu. Ruku'u da sujada gwargwadon iko, har da nuni. Azumi ya yi da lokacin wurin tashi ko ya rama. A Mars yini awa 24 ne da kusan minti 40, ga fitowar rana da faɗuwarta na kanta, don haka mutanenki suna da abin yin muhawara: agogon gida za su bi ko ranar da suke gani? Ki bar su su yi saɓani a kai, ya fi ki yanke musu hukunci.

Injiniya Mai Sukudireba

Gyara kaɗan kafin wani ya kawo shi, don duk inda aka yi irin wannan hira sai ya fito: labarin cewa Amurka ta kashe miliyoyi a kan biro mai rubutu a sararin samaniya, Rashawa kuwa suka ɗauki fensir. Ba haka aka yi ba. Duka biyun da fensir suka fara, amma bakinsa na karyewa, garinsa yana ɗaukar lantarki yana shawagi cikin na'urori, itacensa kuma abin cin wuta ne, kuma bayan gobarar Apollo 1 ta Janairu 1967 da ta kashe mutum uku a ɗaki mai oksijin zalla babu mai wasa da wannan. Wani ɗan kasuwa ne ya ƙera biron da kuɗinsa, NASA ta saya a 'yan daloli, Sobiyet ma ta saya daga baya. Ƙidayar nan ta baya-baya kafin harbi kuwa, ita kam daga ƙagaggen labari ta fito, wani fim ɗin Jamus na 1929 ne ya fara ta don ya ɗaga hankalin 'yan kallo, masu roka suka ara.

Kada ki manta da ƙura a babin wata. Babu iska ko ruwan da zai goge mata kaifi, kamar garin gilashi take, tana manne wa komai. Ta ci saman safar hannun 'yan Apollo 17, ta sa zif da mahaɗan riguna suka riƙa cijewa, ɗayansu, Harrison Schmitt, ya yi ta atishawa idonsa na ruwa bayan ya cire hular. Sun ce warinta kamar albarushin da aka harba. Da murfin tayar motarsu ya karye, ƙura ta riƙa zubo musu, da taswira huɗu da salatif suka yi wani. A Apollo 11 ma, bayan sun dawo ciki, Buzz Aldrin, abokin tafiyar Armstrong, ya ga kan makunnin da ke ba injin tashi wuta ya karye yana ƙasa, da alama jakar bayan ɗayansu ce ta buge shi a ɗan matsatsin ɗakin. Injin nan guda ɗaya ne, ba shi da na biyu. Da bakin alƙalami ya tura makunnin ya shiga.